Masu Jinyar Kwamfuta a Bazarar Damagaram

Kamfanonin da ke ƙera kwamfutar cinya sukan rubuta a takardar da ba mai karantawa cewa a yi aiki da ita a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Wanda ya rubuta wannan ƙa'ida bai taɓa yin azahar a Droum cikin watan Afrilu ba, lokacin da ma'auni ke haura 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuma ya koma gidan burodi. Duk da haka a nan ɗin ne, da Birni da Zango da Garin Malam, ɗalibin jami'ar Damagaram da ya zo hutu da ɗan ma'aikacin da aka sayo masa ta hannu daga Beirut Road ta Kano suke buɗe na'ura su hau tuƙin tirela a Euro Truck Simulator 2, ko su gina birni a Cities: Skylines, ko su yi noman alkama a Farming Simulator alhali gonar geron mahaifinsu na jiran sassabe. Irin waɗannan wasanni masu kwaikwayon aikin gaske su ne suka fi azabtar da na'ura, domin ba minti goma ake yi a tashi ba, yini ake yi. Kafin tirela ta bar Berlin fanka ta fara kuka, madannai sun yi zafin da za a iya gasa gyaɗa, hoto ya fara tafiyar hawainiya. Daga nan sai jinya ta tashi, kuma a wajen jinyar ne halin kowa ke fitowa.

Lissafin kansa gajere ne. Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa. Ta ofis mai caja wat 65 tana iya fitar da zafin babban ƙwan lantarki na da, ta wasa kuwa mai jan wat 150 zuwa sama ta ninka haka, kuma duk a cikin akwatin da bai kai kaurin littafi ba. Zafin yana bin wani bututun jan ƙarfe zuwa wasu siraran haƙora masu kama da na mataji, fanka ta busa iskar ɗaki ta cikinsu, shi ke nan. Ƙwaƙwalwar na'ura tana jurewa har wajen digiri 95 zuwa 100, daga nan sai ta rage wa kanta gudu. To idan ɗaki yana 25, tazarar da zafi zai gangara ta kai 70. Idan yana 43, saura 52, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin sanyayawa ya tafi tun ba a taɓa madanni ba. Ƙofa biyu ke nan kawai: a faɗaɗa hanyar fitar zafi, ko a rage wutar da ke shiga. Bazararmu ta riga ta matse ta farko, don haka ta biyun ce ta rage. Abin dariyar shi ne kusan kowane majinyaci ya yarda ya yi komai a duniya in ban da wannan.

Na farko shi ne Mai Katifa. Shi bai ma san ana jinya ba. Yana kwance ruf da ciki, kwamfuta ta nutse a katifar soso har wuya, wani lokaci ma da matashi a ƙarƙashi don kada ta ji ciwo. Ramukan shan iska suna ƙasanta, ya toshe su ruf, sannan yana mamakin yadda take haki kamar wanda aka danne wa hanci. In an yi masa magana sai ya ce ai sunanta kwamfutar cinya. Maganinsa shi ne mafi arha a duk ƙasar Damagaram: faifan katako, ko murfin kwalba guda biyu a ɗaga bayanta da su. Amma ba zai yi ba, domin hakan na nufin ya tashi zaune.

Kishiyarsa shi ne Mai Ƙanƙara, mutum mai himma da ya cancanci a tausaya masa. Yana aika yaro ya sayo ƙullin ƙanƙara a leda, ya jera a ƙarƙashin na'ura, ya lulluɓe murfin da jiƙaƙƙen tsumma kamar mai jinyar masassara, in gidansu da firiji kuwa sai ya ba ta hutun rabin lokaci a kusa da kunun aya. Hujjarsa tana da kama da hankali, domin ya taso ya ga randa na sanyaya ruwa, ya kuma ji labarin Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya sami lambar Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke ajiye tumatir da yalo kwanaki ba su lalace ba. Abin da ya manta shi ne tumatir ba ya haifar da zafi daga cikinsa, kuma ba ya mutuwa in ya jiƙe. Ƙanƙarar robar ƙasa take sanyayawa, ba ƙwaƙwalwa ba, ledar kuma tana zufa. Da tsakiyar rani iska ta bushe ƙayau, yakan tsira. Da zarar gajimare ya fara haɗuwa a Yuni, raɓa ta kwanta a kan allon ciki, ɗigo ɗaya ya haɗa hanyoyi biyu da bai kamata su gaisa ba, sai a ga na'urar ta yi sanyin da yake nema, sanyi na dindindin.

Sai Sarkin Fanka. Wannan ya zagaya kasuwar Dole ya sayo faranti mai fanka biyar da shuɗiyar fitila, ya ƙara da fankar tsaye ta tsakar gida da ya ƙwace wa mahaifiyarsa, har ɗakin ya zama kamar filin jirgi. A yi masa adalci, farantin yana taimakawa kaɗan, mafi yawa saboda ya ɗaga na'urar sama. Sai dai fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar da ke nan take turawa, iskar kuwa ita ce mai digiri 43 ɗin nan. Ga kuma ƙurar hunturu da ta shekara tana shiga, ta haɗu da zaren bargo ta yi kitse a bakin haƙoran matajin, har ta zama kamar lafiyayyiyar darduma. Bayan haka ko fanka ɗari aka jera a waje, aikin bulala a kan ruwa ne. Ita shuɗiyar fitilar, har yau ba a sami wanda ya bayyana aikinta ba.

Wanda ya gane zancen ƙura shi ne Likita, kuma da ya tsaya a ganewa da ya zama alheri ga unguwa. Ya kalli bidiyo biyu a YouTube, ya ari sukurdireba, ya buɗe. Har nan lafiya, domin goge ƙura da busa ta sau ɗaya ko biyu a shekara, musamman bayan hunturu, shi ne aiki mafi amfani da hannu zai yi wa kwamfuta a wannan yanki. Matsalar ita ce Likita ba ya buɗe ciki ya fito bai yi tiyata ba. Ya cire bututun jan ƙarfen, ya ga busasshen man nan mai launin toka da ke cike ƙananan ramuka tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfe, ya kankare, sannan ya tuna ba shi da sabo. Sai ya shafa man goge baki, wanda zai bushe ya farfashe cikin 'yan kwanaki. Wani kuma ya sami man na gaskiya amma ya lafta shi kamar mai shafa wa biredi bota, alhali ƙwayar wake ta isa. Ya bar fanka tana juyawa da ƙarfin iskar famfon taya ba tare da ya riƙe ta ba. A ƙarshe ya rufe, kusoshi uku suka yi saura, ya ce dama kamfani ne ya yi almubazzaranci.

Akwai Mai Duba, wanda ya girka HWMonitor ko MSI Afterburner, lambobi suka cika kusurwar allo, tun daga ranar kuma bai sake ganin titi ba. Tirela na faɗa wa shinge shi yana kallon 84 ta koma 85, gabansa na faɗuwa. Ya yi daidai da ya auna, tun da shi kaɗai ne a cikinsu ya san abin da ke faruwa. Ya yi kuskure da ya ɗauka 80 mutuwa ce, alhali ga kwamfutar cinya mai aiki tuƙuru wannan zafin yau da kullum ne.

Wanda ya fi wuyar kayarwa a muhawara shi ne Mai Tawakkali, kuma dole a tsaya a kansa. Cewa yake yi: "Ku bar ta, waɗanda suka ƙera ta sun fi ku sani. In ta ji zafi ita da kanta za ta rage gudu, in ya yi yawa ta mutu ta tashi." Gaskiya ya faɗa, ƙwaƙwalwar zamani da wuya ta ƙone kanta. Amma ba ita kaɗai ce a gidan ba. Batir na kwana a ɗaki ɗaya da ita, kuma batirin litiyom ba abin da ke tsufar da shi kamar zafi yana cike da caji, har ya kai ga kumbura ya ɗago madannai. Fanka ma tana da kwanakinta. Sannan ita kariyar da yake taƙama da ita, ai ita ce ciwon da kowa ke kuka da shi: na'ura ta zabura, ta bugi 98, ta ja birki, ta huce, ta sake zabura, hoto kuma yana tsalle yana tsayawa kamar tsohuwar mota a hanyar Magariya. Wato shi ma an rage masa gudu, sai dai ba da shawararsa ba, kuma a daidai lokacin da tirelarsa ke shan kwana.

Ɗan Dare ya fi su wayo. Ba ya kunnawa sai ƙarfe biyu, a tsakar gida, bayan an watse daga fada an kife butar shayi, lokacin da zafi ya sauka da digiri goma ko fiye. Wani ma yakan koma tsohon soron kakarsa, domin maginan da suka yi ganuwar Birni a zamanin Sarki Tanimu sun san kaurin ƙasa na jinkirta rana, abin da mai bulo da kwano ya manta. Wannan ya fahimci lissafin tazara ba tare da ya yi shi a takarda ba. Kuɗin da yake biya kawai shi ne sallar asuba a makare da jan ido a aji. Yana kuma da abokin aiki da bai gayyata ba, wato ɗaukewar kuran. Wutar Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina take zuwa, kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, da Najeriya ta katse ta, an ga yadda dubban na'urori suka huce a lokaci guda ba tare da ƙanƙara ba. Wannan ita ce amsar mai cewa a sayi kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, a huta: kilim na jan wutar da ta ninka ta kwamfutar sau da yawa, kuma ba faifan rana na Droum da ke cajin wayoyi ne zai ɗauke shi ba.

Na ƙarshe ba shi da laƙabi mai daɗi, abokansa Matsoraci suke ce masa. Shi ne ya shiga saitin wasa ya ɗaure hotuna a 60 cikin sakan, tun da allonsa ba ya nuna fiye da haka, duk abin da katin hoto ya zana a sama zafi ne tsagwaronsa. A wasan gina birni ma 30 yake sawa, domin gidaje ba gudu suke yi ba. Ya rage inuwa, ya rage nisan madubin tirela. Da ya lura cewa a irin waɗannan wasanni ƙwaƙwalwa ce ke shan wahala fiye da katin hoto, tana lissafin kowace mota da kowane mazaunin birni, ko wasannin kowace gasa da aka loda a Football Manager, sai ya rage yawan gasar, ya kuma shiga saitin wuta na Windows ya mai da iyakar ƙwaƙwalwa kashi 99 maimakon 100, abin da a na'urori da yawa ke hana ta zaburar nan mai cin wuta. Dalilin da ya sa wannan ke aiki shi ne gudun ƙarshe-ƙarshe shi ya fi tsada: don a ƙara kaɗan sai an ɗaga ƙarfin lantarki, zafi kuma ya hau fiye da yadda gudun ya hau. Wanda ya yafe ɗan saman nan ya yafe zafi mai yawa.

Ƙorafin da ake yi masa a fada shi ne: jika nawa ka zuba, sannan ka riƙa tuƙa ta kamar amalanke? Tambaya ce mai nauyi, domin ba wanda ke son ya sayi doki ya ja shi a hannu. Sai dai dokin da aka sayar musu an auna gudunsa ne a ɗaki mai digiri ashirin da wani abu, da sabon mai da haƙoran mataji fes, shekaru kafin ya ƙetaro teku ya sauka Kano. Wannan gudun bai taɓa zuwa Droum ba, balle a ce an yi asararsa. Abin da ke gabansu zaɓi ne tsakanin 60 mai ɗorewa da 90 na minti biyar da ke faɗowa 25 a kan kwana. Kuma da za a rufe saitin a jera allo biyu a gaban masu dariyar a ce su nuna wanda aka rage wa inuwa, da Sarkin Fanka ya ce hasken fitilarsa ne ya shige masa ido, Mai Duba kuwa ya nemi a fara nuna masa lamba.