Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Turancin Kwamfuta

Ranka ya daɗe,

Turancin kwamfuta, wanda za a riƙa kira Mai Girma a wannan takarda, reshe ne na harshen Turanci da ke zaune a fuskar kwamfuta da wayar hannu da na'urar cirar kuɗi da 'yar na'urar masu POS. Yayansa, Turancin WAEC, ta ƙofar makaranta ya shigo Gwandu da Kalgo. Shi kuwa ta aljihu ya shigo, cikin waya, bai yi sallama ba, har yau kuma bai gai da kowa ba. Abin da ya sa ke nan ita ma takardar ta zo babu doguwar gaisuwa.

Ya kamata Mai Girma ya san inda ya sauka. Gwandu garin nahawu ne. Nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ya zauna har ya rasu a 1829, nan kuma hubbarensa yake. Cikin littattafansa akwai Bahrul Muhiɗ a fannin nahawun Larabci da Hisnur Rasin a fannin sarfu, duka biyun a waƙe. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth ya yada zango a garin, kuma a nan ya sami kwafin Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Tumbuktu. Kalgo kuwa ita ta karɓi baƙuncin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, inda ake karanta kimiyyar kwamfuta. Jikokin waɗanda suka haddace Ajurumiya a zaure ba ƙa'ida ce za ta firgita su ba. Kukansu a kan hali ne.

Nahawun Mai Girma da umarni yake farawa. Abin da ke rubuce a kan maɓallansa galibi aikatau ne tsirara: "save", "print", "delete", "submit". Ba mai aiki a jimlar, ba lokaci, ba "don Allah". Dogarin sarki ma yakan ce hattara kafin ya ture mutum. Rikicin ya ƙaru da yake umarnin iri biyu ne, sigarsu kuma ɗaya. Idan aka rubuta "Enter your PIN", na'ura ce take umartar mutum. Idan aka rubuta "Delete" a kan maɓalli, mutum ne zai umarci na'ura. Sabon shiga yakan ɗauka duka biyun shi ake wa, sai ya bi umarni cikin ladabi, ya goge aikin da ya kwana yana yi.

Bayan umarni sai aikatau masu jela, waɗanda ake liƙa wa 'yar ƙaramar kalma a baya ma'anarsu ta juya. "Sign up" rajista ce ta farko, "sign in" kuwa shigar wanda ya riga ya yi rajista. Bambancinsu haruffa biyu, amma sun isa su hana ɗalibi cike fom har ranar rufewa ta wuce. Akwai "log out" da "shut down" da "back up" da "set up", ko wanne da inda ya nufa, kuma sanin ma'anar rabin farko ba ya fitar da mutum. Haddace su ake yi ɗai-ɗai.

Inda halin Mai Girma ya fi fitowa fili shi ne ranar da abu ya ɓaci. A ranar yakan koma ga sigar da malaman zaure ke kira mabniyyun lil majhuli, wato aikin da aka ɓoye mai yin sa. "Access is denied": an hana shiga. Wa ya hana? Ba a faɗa ba. "File not found": ba a sami fayil ba. Wa ya nema bai samu ba? Shiru. Wani lokaci ma sai ya ce "An error has occurred", kuskure ya auku, da ƙafarsa ke nan ya zo. A duk tarihin zamansa ba a cika jin ya ce laifinsa ne ba. Amma da mutum ya yanke shawara sai ya tsare shi da "Are you sure?" Idan kuma abin da ake son sokewa ne, ya ajiye maɓalli biyu, "OK" da "Cancel", ya bar bawan Allah yana tunanin ko "Cancel" ɗin soke abin ne ko soke sokewar.

A ɓangaren kalmomi Mai Girma bai wahalar da kansa ba. Ya shiga ɗakin yayansa ya kwashi ɓera da taga da girgije da biskit da ƙwaro, ya sa wa kayansa. Yaron da ya sha bulala a firamare kafin ya riƙe cewa "mouse" ɓera ne, yau an ce ya ɗora hannu a kansa. Hausawa sun fi shi dacewa da suka kira abin linzami. Girgijen nasa kuma ba ya zubar da ruwa a fadamun Kebbi. Manyan gine-gine ne cike da na'urori a wasu garuruwa, masu shan lantarki dare da rana. Kalma ɗaya ce mutanen Gwandu suke wa kallon 'yar gida, "algorithm", domin daga sunan Al-Khawarizmi ta fito, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

Rubutu ma da tasa rigimar. Malamin Turanci a Nijeriya rubutun Ingila yake koyarwa, "colour" da "centre". Mai Girma ɗan Amurka ne: mai tsara shafin intanet da CSS dole ya rubuta "color" da "center", in ba haka ba shafin ya yi biris da shi. Haruffa masu ƙugiya kuwa sun daɗe a waje. Tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 ya tanada, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Unicode da ya zo a 1991 ya ba su masauki, kuma har yanzu akwai fom ɗin da ke mayar da ƙasa ta koma kasa.

Adalci ya sa a faɗi alherin Mai Girma, kuma yana da shi. Ainihin nahawunsa kaɗan ne ƙwarai. Harshen Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, keɓaɓɓun kalmominsa 35 ne, irin su "if" da "else" da "while" da "not". Ruby kuwa Yukihiro Matsumoto ɗan Japan ne ya fitar da shi a 1995. Duka mutanen biyu ba da Turanci aka yaye su ba. Ginshiƙin aikin shi ne idan kaza ya faru a yi kaza, in ba haka ba a yi kaza, abin da ɗalibin nahawu ya sani da sharaɗi da jawabinsa. Sai dai ba ya yafiya. Malamin aji kan rage rabin maki a kan waƙafi. Python kuwa, aka manta ɗigo biyu bayan sharaɗi, ko aka rubuta "true" da ƙaramin harafi, sai ya ajiye aikin gaba ɗaya.

Babbar ranar haɗuwa da Mai Girma ita ce ranar JAMB, wadda ta koma kwamfuta kacokan tun 2015. Tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci. Ana zaɓar amsa da A, B, C, D, a ci gaba da N, a koma baya da P, a miƙa da S. N da P da S ɗin haruffan farkon kalmomin Turanci ne, wanda bai san kalmomin ba kuwa canka yake yi. A nan ake gane illar yadda aka raba koyarwar a makarantu da yawa: malamin Turanci na wancan aji yana koyar da wasiƙa zuwa ga kawu, malamin kwamfuta na wannan aji yana zana linzami da alli a kan allo, Mai Girma kuma ba ya cikin ko ɗaya.

Saboda haka ana roƙon Mai Girma ya daina jira sai ranar jarrabawa. Ya shiga aji tare da na'urarsa, ya zauna kusa da malamin Turanci, ya bari a fassara saƙonninsa na kuskure da Hausa jimla-jimla yadda ake fassara littafi a zaure, a haddace aikatansa masu jela hannu na kan madannai. Google ya karɓi Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, don haka tafinta bai yi wuya ba. Ana kuma roƙon ya koyi gaisuwa, ko da ta safe ce kaɗai.

Ana jiran amsa, kuma a wannan karon ba za a karɓi "Please wait" ba.

Wassalam.

Daga masu koyo na Gwandu da Kalgo, Jihar Kebbi.