Yadda Ake Kama Marinin da Ya Tare a Gonar Shinkafa

Kura garin rini ce tun kaka da kakanni, har Agadas an san rawani ɗan Kura. To, manomin Kumbotso da Kura da Bunkure, ka sani akwai wani marinin da bai taɓa leƙa karofi ba, bai san baba ba, amma ladansa daga buhunan shinkafarka yake ɗiba. Bakteriya ce mai suna Xanthomonas, mai ƙona ganyen shinkafa. Manoman Japan ne suka fara lura da ɓarnarta a 1884. Ga yadda za ka kama ta.

Da farko, yi sammako. In ka tsaya sai ka gama da koko da ƙosai, rana ta shanye shaidarka. Duba ganyen da ya fara zama ruwan ɗorawa daga tsini yana bin gefe-gefe. Da sassafe za ka ga ɗigo mai kauri a jikinsa, ka ɗauka raɓa ce. In ya bushe sai ya zama 'yan ƙwayoyi ruwan ɗorawa. Mai laifin ke nan, dubun dubatarsu a dunƙule.

In kana son hujjar da ba ta da musu, ari tambulan wajen uwargida, da izininta, domin rikicin gona ya ishe ka. Zuba ruwa garai-garai, yanke ganyen daidai inda ciwon ya tsaya, ka tsoma. Bayan 'yan mintoci za ka ga wani farin zare yana tsiyayowa daga bakin yankan, ruwan ya gurɓace.

Launin ɗorawan nan na ƙwayar ba ado ba ne. Masana suna kiransa xanthomonadin, kuma shi ke kare ƙwayar daga ƙunar hasken rana a kan ganye. Danginta ma kowa da kalarsa. Pseudomonas, mai yi wa tumatir ɗigo-ɗigo, tana fitar da kore mai ƙyalli a ƙarƙashin fitilar gwaji, da shi take farauto sinadarin ƙarfe. Dickeya kuwa, mai ruɓar da dankali, shuɗi take yi, har masu bincike na gwada rina tufa da irin wannan shuɗin. Marinan Kura su kwantar da hankali, bugu da ƙyallin turkudi har yanzu nasu ne.

Yanzu ka kama ɓarawo, kada ka yi masa walima. Da yawanmu da mun ga ɗorawa sai mu ce yunwa ce, mu ƙara yuriya, alhali yawan yuriya shi ke ƙara wa cutar ƙarfi. Maganin tsutsa ma ba ya taɓa ta, kuɗinka kawai za ka fesa wa iska. Tana bin ruwan ban-ruwa, don haka kada ka saki ruwan fangalin da ya kamu zuwa na maƙwabci, sai dai in kana marmarin zama a gaban mai unguwa. Ka daina datse tsinin ganye lokacin dashe, ka share ciyawar bakin kanal da kututturen bara, ka nemi iri mai jure cutar.

Don Allah, kafin ka sayi ko kwalba ɗaya ta feshi, ɗauki ganyen ka kai wa malamin gona na KNARDA ko tashar bincike ta Kadawa ya duba maka.