Masu Hawa Gadar Sama ta Lekki

A kan hanyar Lekki zuwa Epe a Legas akwai wani daji mai faɗin hekta 78 da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta killace tun 1990. A cikinsa aka rataya wata gada ta igiyoyin ƙarfe da raga mai tsawon mita 401, wadda inda ta fi tsayi ya kai mita 22 da rabi daga ƙasa, kusan bene mai hawa bakwai ke nan. Faɗinta na mutum ɗaya ne, tana lilo da kowane taku, kuma wanda ya hau sai dai ya ci gaba. Da kuɗinsu mutane ke zuwa a tsorata su, wasu ma wai maganin tsoron suka zo nema.

Tun a mota ake gane Sarkin Cika Baki. "Haba, wannan ai wasan yara ne. Ni da nake hawa Dala a guje?" Ba wanda ya tuna masa cewa Dala ba ta motsi. A zangon farko yana tsokanar mata. A na biyu ya soma tambayar saura nawa. A na uku bakin ya mutu, iska ta cika babbar riga, hular zanna ta zame ta yi ƙasa yana kallo, don babu hannun da zai iya bayarwa aro. Idan an sauka ya dawo da muryarsa: takalmin ne ke da santsi, kuma dama jiya bai yi barci ba.

Bayansa akwai Mai Tuban Gaggawa. Duk addu'ar da aka koya masa tun makarantar allo sai ta fito, har da ta shiga kasuwa da ta cin abinci, ba a jere ba. A tsakiyar gada yake yafe basussuka. "Alhaji, dubu hamsin ɗin nan na yafe maka duniya da lahira, ku shaida!" Alhaji kuwa idonsa a rufe, bai ma ji ba. Wannan ya yi wa mai yafiyar daɗi, domin ƙafarsa na taɓa ƙasa ya tuna cewa magana a cikin firgici ba ta zama hujja.

Hajiya Mai Tsaron Jaka ba ta jin tsoro, a cewarta. Kawai dai ai dole wani ya zauna da kaya. "Ku je abinku, 'ya'yan nan, ni na riƙe muku." Sai ta sami inuwa ta kwance ledar cincin, ba ta san dajin na birai ba ne, biran kuma sun ƙware a sanin ƙarar leda. Kafin 'yan sama su sauko ta yi ihun da ya fi nasu duka.

Mai hoto ba sai an daɗe a kansa ba. Murmushinsa na daƙiƙa biyu ne, hannun da ba ya cikin hoton kuma ya damƙi igiya har jijiyoyi sun fito. Da yamma za a gani a WhatsApp an rubuta "Ba tsoro."

Wanda na fi tausayawa shi ne ango. Shi ya kawo shawarar zuwa, shi ya biya, shi ya ce wa amarya kada ta damu yana bayanta. Ga ta can ta yi nisa, ta tattare mayafi tana leƙen tsuntsaye, shi kuwa yana takawa kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike fal. Ta waiwayo: "Maigida, ko in dawo in kama ka?" Ya ce a'a, yana duba ingancin aikin ne. Wannan magana za ta daɗe tana yawo a bakin ƙannen amarya.

Shi ma duba ingancin aiki yana da nasa gwani, Injiniyan Dole. Bai taɓa ɗaura ko kusa ba, amma sai ya ƙwanƙwasa ƙarfe, ya murza noti, ya tsare ma'aikaci da tambaya: wa aka ba kwangila, yaushe aka yi gyara na ƙarshe, mutum nawa take ɗauka? Ni dai ba na ganin laifinsa sosai. Mutumin da ya girma yana ganin kwalbati na rushewa da ruwan farko yana da dalilin tambaya. Laifinsa ɗaya, da ƙarfi yake yi, a kunnen waɗanda ƙafafunsu ke rawa.

Sai Shaiɗanin Gada, wanda ke jira ka kai tsakiya ya yi tsalle. Kusan kullum taubashinka ne, ko Bazazzagin da ya sami Bakano a gabansa, don haka ba dama ka yi fushi a ce ba ka san wasa ba. Ma'aikata na hanawa, yana cewa tuntuɓe ya yi. Wannan ba ya jin tsoro, kuma ba abin yabo ba ne, don ko jarirai sun fi shi hankali: a gwajin da Eleanor Gibson da Richard Walk suka wallafa a 1960, an ɗora jarirai masu rarrafe a kan gilashi mai kauri da ake hango rami a ƙarƙashinsa, iyayensu mata na kiran su daga ɗaya gefen, yawancinsu suka ƙi tsallakawa.

Akwai wata kuma da ba a cika lura da ita ba, don ba ta da surutu. Tun a ƙasa ta faɗa wa kowa cewa ko gadar tsallaka titi ba ta iya hawa sai ta bi tsakiya. Ta nemi a sa ta bayan mutum mai natsuwa, ta kafa ido a ƙeyarsa, tana taku ɗaya tana numfashi. Da gangan ko da sa'a, ta dace: jirin da ke kama mutum a sama yana ƙaruwa ne idan ido ya rasa abu na kusa da zai riƙe, kuma likitocin ƙwaƙwalwa ma da kaɗan-kaɗan suke saba wa mai irin wannan tsoro da tsayi, ba sa jefa shi lokaci ɗaya. A kowace hasumiya da ke riƙe da gadar takan tsaya har bugun zuciya ya lafa, sannan ta leƙa ƙasa sau ɗaya, da niyya. Ba ta sauko jaruma ba, gwiwoyinta na karkarwa, amma ita kaɗai ce a cikin ayarin ta tambayi ko gadar Kakum ta Ghana ta fi wannan tsayi. Ta fi.

In kana da niyyar zuwa, ka bar babbar riga da silifas a masauki, ka sa takalmi mai kama ƙafa, kada ka riƙe ayaba a hannu, kuma ko da rantsuwa kada ka yarda taubashinka ya biyo bayanka.