Aljanun Takarda da Na Bakin Hanya

Mu mutanen Makarfi da Ikara da Kudan, da rana kowa jarumi ne. Bari a yi sallar isha'i, a ɗauke wuta, wani ya ɗauko zancen tsofaffin littattafan aljanu a teburin mai shayi, sai ka ga wanda gidansa ke bayan gari ya fara duba agogo.

Dattawanmu dai ba su da na biyun Ganɗoki, wanda Bello Kagara ya shiga gasar rubutun littattafai ta Zariya da shi a 1933, aka buga shi a 1934 tare da Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam. Sai ka ji tsoho ya daki benci: "Kai yaro, wannan shi ne littafi! Namiji ya kutsa ƙasar aljanu da takobi, ko su musulunta ko a gwabza." Samarin da suka saba jin labari a waya kuwa sai su sunkuyar da kai: "Baba, a gafarce mu, aljanin da takobi ke kora ai bai cika aljani ba."

A nan kam ina bayan yaran. Aljanun takarda ba su hana kowa barci. Dubi na Dare Dubu da Ɗaya, wanda Frank Edgar ya fitar da Hausa a 1924: ƙato har sama, amma masunci ya yi masa wayo ya koma cikin tulu. Shi wannan littafi ma ba don aljanu iyayenmu suke tura shi ƙarƙashin katifa ba, manya sun san dalili.

Fatalwa ce da wuya ka ci karo da ita a littattafan nan. Malamanmu sun ce wanda ya mutu ya tafi ke nan, abin da ka gani aljani ne ya ari kamanninsa. Duk mukan amsa da "Haka ne, Allah gafarta Malam," amma a aiki ɗayanmu ta hanyar maƙabarta bayan magariba, sai ya tuna ƙafarsa na ciwo.

Tamu fatalwar a baki take yawo. Mai ban-ruwan rake cikin dare ya ji an kira sunansa sau uku daga tsakiyar gona, ya bar injin yana ta aiki har asuba. Ɗan acaɓa ya ɗauki mace mai farin mayafi, suka zo gindin tsamiya, ya waiga ba kowa, sai ƙamshin turare. A Makarfi za a rantse maka a hanyar Ikara aka yi, mutanen Ikara su ce wajen Hunkuyi ne ta ƙasar Kudan, mutanen Kudan su maido wa Makarfi abinta. Ka ce a nuna maka ɗan acaɓan, sai a ce abokin yayan wani ne, kuma tun bara ya tafi ci-rani Legas.