La'adar Dillalin da Bai Yi Gumi Ba

A Ingila, mai fulat, wato sashen gida mai ƙofarsa a cikin bene, yakan damƙa cinikinsa ga dillali, sannan ya zagaya yana cigiyar mai saye da kansa, da fatan la'ada, wadda kan kai kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari, ta kwana a aljihunsa. Dokar dillalan gidaje ta 1979 da ƙa'idojin 1991 sun wajabta a fayyace sharuɗɗa a rubuce, sai dai zumuɗi kan hana karatu. Idan yarjejeniya ta keɓe wakilci kawai, ma'ana ba a yarda wani dillali ya shigo ba, mai gida na iya sayar wa surukinsa bai biya ko fam ɗaya ba. Idan kuwa ta keɓe haƙƙin sayarwa dungurungum, dillali zai kwashi cikakkiyar la'ada ko da bai san launin ƙofar ba, alhali mai gida ne ya yi shara, ya dafa wa masu dubawa shayi. Shafin tallar gidaje na Rightmove ba ya karɓar talla kai tsaye daga masu gidaje, don haka cigiyar kan ƙare a Facebook, inda masu tambayar farashi suka rinjayi masu kuɗi.