Na Je Duwala Kallon Kwano

Tun ban ajiye jaka ba aka fara yi mini ba'a. Wai duk faɗin duniya mutum ya rasa inda zai je kallon gine-gine da aikin hannu sai Duwala ta Kamaru. Wani abokina Bakano, wanda in ka ce masa ka ga teku zai ce ai dam ɗin Tiga ya fi shi zurfi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, faɗi gaskiya, atamfa ka je sarowa." To, Kanawa, ku da sauran masu taɓe baki, ku matso kusa. Ba zan rantse muku ba, don na san ko na rantse sai kun nemi rasit.

Bari in fara ba ku abin da kuke so ku ji. E, Duwala ba ta da badala, ba ta da Gidan Makama, kuma ban ga soro mai zanko ko ɗaya ba. Ba don magina sun ƙi zuwa ba. Ruwan da ke sauka a garin a shekara ya haura milimita 3,500, wajen ninki huɗu na abin da Kano ke samu. Ka kai tubali can, kafin Agusta ya fita ya zama kunu. Shi ya sa Bahaushen da ya sauka bakin kogin Wouri ya rabu da ƙasa ya kama katako da kwanon rufi, daga baya bulo da siminti. Tsofaffin gidajen katakon nan da suke kira karabot har yau ana ganinsu a lungunan unguwar New Bell, sun sha ruwa sun yi baƙi, wasu sun ɗan jingina da maƙwabta kamar tsofaffi a sahun asuba. Bangon ya sauya, zaman bai sauya ba: maza a bakin ƙofa kan benci, mata a ciki, butoci a jere, masallaci taku kaɗan.

Ita unguwar ma rusau ne ya haife ta. Jamusawa sun ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala a 1884. Zuwa 1910 sai suka ga bakin kogin ya yi kyau da yawa a bar wa masu shi. Suka tsara a kwashe mutanen gari a mai da su can baya, a bar fili mai faɗin kilomita guda tsakanin Bature da baƙar fata, wai don sauro. Sauron Duwala kuwa, ni shaida ne, har yau bai san kilomita ba. Sabon matsugunin da aka yanka wa gidan sarautar Bell shi ne New Bell. Sarkinsu, Rudolf Duala Manga Bell, wanda a Jamus ya yi karatu, ya ƙi yarda, ya kai ƙara har majalisar dokokin Jamus. Ranar 8 ga Agusta 1914 suka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din. 'Yan gari ba su taɓa son wurin ba, sai baƙi suka cika shi: Bamileke, Basa, Ewondo, Hausawa, da duk wanda tashar jiragen ruwa ta janyo. Kun gane? Sabon Gari ke nan, sai dai a can mu ne 'yan Sabon Garin. Na faɗa wa abokina Bakano haka, ya yi shiru kamar an ce kasuwar Kwari ta koma Zariya.

Wani abin dariya kuma, a bakin mutanen kudancin Kamaru duk mai doguwar riga da buta Bahaushe ne, ko su ce "magida". Bafulatanin Garwa Bahaushe, Babarbare Bahaushe, mutumin Fumban ma Bahaushe. Fulani da Barebari da ke ta faɗan waye bawan wani, ku je Duwala a haɗa ku a kwando ɗaya a rufe.

Yanzu ga abin da ya tsayar da ni. Ɗan acaɓa, da suke kira bensikin, ya ɗauko ni ta shataletalen da ake ce wa Shell New Bell. Ina ɗaga kai na ga wani dogon abu ya miƙe sama daga tsakiyar titi. Na ce ya tsaya. Kwanoni ne. Irin kwanonin nan masu fenti da murfi, dangin samira da langa da fanteka, an kifa wannan kan wancan, an tsira su a ƙarfe sun tashi kamar hasumiya. Wani mai fasaha ɗan Kamaru, Pascale Marthine Tayou, wanda ake baje ayyukansa a manyan biranen Turai, shi ya kafa shi a 2010, tsayinsa mita 12. Sunansa da Faransanci La Colonne Pascale. Sunansa da Hausa kuwa kowa ya sani: jere.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Ai ga shi nan, ya je kallon gumaka." Haba Malam, sassauta. Ba shi da ido, ba shi da hanci. Kwano ne. In kwano kan kwano gunki ne, to sai a fara da ɗakin kakarka. Ka tuna ɗakin amaryar da: ranar jere mata su wuni suna gwada wannan fanteka da waccan, babba a ƙasa, ƙarama a sama, a daidaita launi da launi, a sauke a sake, har bango ya ɓace tun daga daɓe zuwa rufi. Ba a cin tuwo a cikinsu. Ba a ko taɓa su sai ranar goge ƙura. An jera su ne don ido ya gani ya san gidan da yarinya ta fito, kuma su ne asusunta ranar da ta shiga matsi. Wato abu ne da aka tsara don kallo, mai ƙa'ida, mai gwanaye da 'yan koyo, mai masu suka ma, don ba a taɓa yin jeren da wata gwaggo ba ta ce an karkace ba. In wannan ba fasaha ba ce, me ake nema? Sai an rubuta masa suna da Faransanci a ƙasa?

Kada ku ɗauka 'yan unguwar duk sun yi tafi. Telan da ya sauke ni, Bahaushe haifaffen can, Hausarsa da ɗan gishirin Fulatanci da Faransanci, cewa ya yi shi bai ga abin burgewa ba a tara wa unguwar talakawa kwano babu abinci. Na ce masa, "Maigida, ashe kai ma Bakano ne ban sani ba." Amma maganarsa ta zauna mini. Unguwar da ta yi bore a Mayun 1955 har aka zubar da jini, unguwar da babban kurkukun gari ke cikinta, tana da hakkin ta tambayi me ake nufi da kwanon da ba komai. Abin da ya sa mutum biyu suka tsaya gardama a bakin titi har shayinsu ya huce, ni dai ban ce aikin banza ba ne.

Masu ɗawainiyar kafa wannan jeren kwano wata cibiya ce, doual'art, da Marilyn Douala Manga Bell, 'yar gidan sarautar nan da aka kora, ta kafa da mijinta Didier Schaub a 1991. Zaurensu yana Bonanjo, jikin fadar da Sarki Manga Ndumbe, mahaifin Rudolf, ya gina a 1905, wadda ake kira Pagode saboda rufinta hawa-hawa kamar na mutanen Sin. Tun 2007 suka fara wani biki na fito da fasaha kan titi. A zagayen 2010, mai taken ruwa, wani mutumin Holan, Kamiel Verschuren, ya bi buɗaɗɗun kwatocin New Bell ya rufe su da katako mai rubutu. Mai cewa fasaha ba ta da amfani, ya leƙa kwatar ƙofar gidansu da ke jiran kansila tun zaɓen da ya wuce. Hervé Yamguen kuma, ɗan unguwar, ya kwashi kalaman samarin mawaƙanta ya ɗora a bangaye. Na san dai a New Bell sunan Samuel Eto'o kaɗai kuka sani, don nan ya tashi.

Mai neman mutum-mutumi na gaske ya wuce shataletalen Deido. Can Joseph-Francis Sumégné ya tsayar da wani ƙato a 1996, mita 12, da ƙafa ɗaya a sama, duk jikinsa tarkacen mota da ƙarafan bola, wajen tan 8. Mutanen gari suka sa masa Njunju, wato dodo, aka yi ta rigima, yau kuma shi ne tambarin Duwala. Ɗan gwangwan na Kano da zai gan shi, na san sikeli zai fara nema.

Atamfar da abokina ya zarge ni da ita, e, na shiga kasuwar Kongo, kuma ba zan ce na fito hannu rabbana ba. Amma abin da ya riƙe ni teloli ne. Keken surfani na ta ruri a ɗan shagon da bai fi faɗin tabarma biyu ba, ana fitar da aska takwas a wuyan shadda, mai jiran rigar kuwa wani lokaci ko sannu bai iya da Hausa ba. Da yamma mai tsire ya hura wuta, ya fere nama siriri kamar takarda, duk Duwala ta yi layi tana cewa "soya". A kasuwar Furanni ta Bonapriso kuma, tsakanin tagullar Fumban da kujerun duwatsun ado, na ga ndop, shuɗin zanen sarakunan Bamileke da Bamun, wanda ake ɗinke zanensa da zaren tukurwa kafin a tsoma a baba, a warware farin ya fito. Asalinsa ana danganta shi da Wukari, fatake suka shigo da shi, rininsa kuma an daɗe ana kai shi Garwa. Na san yanzu wani zai ce ai daga Ƙofar Mata aka sato. Ban ce ba, ban hana ka faɗa ba.

Da na dawo gida, kafin in raba tsaraba na wuce ɗakin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda jerenta ya yi suna a unguwarmu lokacin ina yaro. Bangon fayau, sai kalandar banki da kuloli uku 'yan Sin a kan kabad. Na ce, "Gwaggo, ina samirunki?" Ta ce tun bikin autarta ta kira ɗan gwangwan ya auna ya ba ta abin da ya ba ta, wa ke yayinsu yanzu? Na ciro waya na nuna mata hoton, na ce ga irinsu can a Kamaru, har daga Turai ake zuwa kallo. Ta karɓa, ta nisanta da ido, ta daɗe tana dubawa.

"Wanda ya yi wannan namiji ne ko?"

Na ce namiji ne.

"Na gani. Bai iya haɗa launi ba. Kuma wa zai hau can ya goge musu ƙura?"