Masu Kawo Ɗinki a Goman Ƙarshe

Ƙanena da ke aikin haɗa manhajar kwamfuta a Kano ya zo gida Bagwai a ƙarshen azumi, muka zauna a bencin shagon telanmu bayan asham. Ya daɗe yana kallon masu shiga da fita, sannan ya ce ai wannan shago da ofishinsu duk kanwar ja ce. A wurinsu, in ji shi, akwai waɗanda ba su da wani aiki sai zama da mai ba da kwangila, su tatso abin da yake so, su rubuta, ya sa hannu, kafin kowa ya taɓa kwamfuta. Telanmu kuwa shi ne mai tatsa, shi ne mai yanka, kundinsa tsohon littafin makaranta ne da aka manna ƙyallen kowa kusa da sunansa.

Mafi haɗari a cikin masu zuwa shi ne Malam Duk-Yadda-Ka-Gani. Zai ajiye leda cikin fara'a ya ce, "Maigida, kai ne gwani, ni me na sani?" Ba ya ciniki, kafin alƙalami ma da kansa yake miƙawa. Sai ranar karɓa za ka gane ashe mutumin yana da ra'ayi a kan wuya, yana da ra'ayi a kan aljihu, har maɓalli yana da kalar da kakansa bai taɓa sawa ba. Bukatarsa tana nan daram tun farko, almakashi kawai take jira ya ratsa shadda kafin ta fito.

Mai hoton waya ya fi shi sauƙi, don shi aƙalla ya san abin da yake so. Yana son babbar rigar da wani jarumin Kannywood ya sa a Facebook, da 'yar ciki da wando, ɗinkin da ke cin yadi goma. Ya zo da yadi huɗu. Jarumin dogo ne siriri, shi kuma Allah Ya hore masa tumbi.

Wanda na fi tausayi shi ne ɗan aike. Magidanci ne, tun asuba yana gonar rani a ƙasan dam ɗin Watari yana ban-ruwan albasa, uwargida ta ce ya biya ya kai awon yara. Na ga wani ya zaro zaren buhu daga aljihu, an yi masa ƙulli uku. Tela ya ce, "Baba, wannan ƙullin tsawon riga ne ko na wando?" Dattijo ya juya zaren, ya sake juyawa, ya ce shi dai ya san na tsakiyar na Auta ne. Da aka matsa masa sai ya kawo jumlar da ta fi kowace jumla ɓata yadi a ƙasar Hausa: "Kamar na bara, ka ɗan ƙara." Wannan "ɗan" babu tef ɗin da ya taɓa auna shi. Yaron da ya sha fura shekara guda ba ya girma da izinin kowa.

Sai mai canji. Ya sayar da tumatir, ya shiga Kantin Kwari, ya ga yayi. Kullum bayan asham yana nan: yau a ƙara aljihu, gobe a rage hannu, jibi a yi surfani. Kowanne "ƙaramin abu ne", kuɗin ɗinki dai yana nan yadda aka yi tun farko.

Kada a ce na rufa wa 'yan cikin shagon asiri. Akwai yaron guga da ke hura gawayi yana gyangyaɗi. Akwai mai surfani da ke Bichi, wanda wayarsa ke mutuwa daidai ranar da ya yi alkawari. Akwai mai ba da shawara, mazaunin benci irina, bai taɓa zura zare a allura ba amma ya san inda aka yi kuskure. Shi kansa tela "in sha Allahu gobe" ce makaminsa, ya karɓi ɗinkin wata biyu a kwana goma don ba ya iya cewa a'a ga surukinsa. Daren 27 ga wata ya ɗebo yara uku su taimaka, ya kwana yana koya musu yadda ake kafa aljihu, nasa keken na zaune. Ƙanena ya yi dariya ya ce tun 1975 wani Ba'amurke, Fred Brooks, da ya jagoranci babban aikin manhaja a kamfanin IBM, ya rubuta littafi a kan haka: aikin da ya makara, in ka ƙara masa mutane, ƙara makara yake. Tela ya ce wannan Baturen tabbas ya taɓa ɗinkin Sallah.

Abin da Brooks bai gani ba shi ne wa'adin da ke rataye a sama. Daren 29 kowa ya kasa kunne a rediyo yana jiran sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. Duk garin addu'ar ganin wata ake, tela ne kaɗai ke roƙon azumi ya cika talatin.

An ga wata. Ƙanena, wanda ya kawo nasa yadin da takarda mai shafi guda, an jera komai lamba-lamba har faɗin bakin wando, ya tafi idi da kaftanin bara. Da yamma muka leƙa shago gaisuwar Sallah, muka tarar an ƙunshe maɓallai a takardar.